Ƙullutu a hammatar matashi: wanne ake ba lokaci, wanne ake kai wa likita?

Yawanci a banɗaki ake gano shi. Yaro ɗan shekara 14 ko yarinya 'yar 16 ana cikin cuɗa jiki, sai yatsa ya ci karo da wani abu a hammata kamar ƙwayar gyaɗa. Wani ya yi gum saboda kunya, wata ta ja mahaifiyarta gefe ta nuna mata, uwa kuma ta kwana ido biyu tana tunanin ciwon daji. Mafi yawan irin wannan ƙullutu a shekarun balaga ba mugun abu ba ne, kuma da kansa yake bajewa. Kaɗan ne ke da haɗari. Abin da ke damuna shi ne, mai haɗarin shi aka fi rainawa, don ba ya hana kowa barci da zafi. Amsoshin nan ba su ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba, domin ƙullutu sai hannun da ya san aiki ya taɓa shi ake sanin halinsa.

Me ke fitowa a hammata haka?

Sau da yawa kaluluwa ce. A kowace hammata akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu siffar wake, tsakanin 20 zuwa 40. Da su aka haifi mutum, ba a dai jin su ne saboda ƙanƙantarsu. Aikinsu irin na rariya ne: ruwan jikin da ke dawowa daga yatsu, hannu, ƙirji, nono da saman baya ta cikinsu yake bi, su tace ƙwayoyin cuta, su tara mayaƙan jini su far musu. Idan yaƙin ya yi tsanani sai su kumbura. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya fasa yatsan ƙafa, bayan kwana biyu ya ji kaluluwa a matsematsi, ya san abin da ake nufi. Ta hammata ma haka take, sai dai ciwon da ya tayar da ita a hannu yake ko a ƙirji: yankan wuƙa, ƙuna, sukar ƙaya, cizon ƙwaro da aka sosa har ya zama miki, ciwon gefen farce, ko ƙazwa, wadda ke yawo sosai a makarantun kwana da tsangayu.

Sai maruru. Hammata wuri ne mai ɗumi da laima, da balaga ta zo kuma gashi ya tsiro, gumi ya ƙaru, ƙwayar cuta ta samu ramin gashi ta tara mugunya. Maruru a jikin fata yake, wurin yana sheƙi yana zogi, daga baya ya yi baki. Kaluluwa kuwa a ƙarƙashin fata take, za a iya jan fatar da ke kanta ta motsa.

Akwai kuma wata 'yar jaka da ke tasowa ƙarƙashin fata cike da farin abu mai wari, da curin kitse mai laushi wanda zai shekara da shekaru bai canza ba, da naman nono da ya zarce har hammata a wasu 'yan mata. Tarin fuka da ciwon daji suna cikin lissafi, amma su ne mafi ƙarancin zuwa.

Yana yi masa zafi har ba ya iya sauke hannu. Ba alamar mugun abu ba ce wannan?

A mafi yawan lokuta ba haka ba ne, kuma wannan ita ce maganar da nake so iyaye su riƙe fiye da kowace. Ƙullutun da ya fito cikin kwana ɗaya ko biyu, mai zafi, mai ɗumi, wanda yaro ke ture hannunki idan kin taɓa, galibi ƙwayar cuta ce jiki ke fama da ita. Yana buƙatar kulawa, wani lokaci har da magani ko fitar da mugunya, amma abu ne mai wucewa.

Wanda likitoci ke yi wa kallon tsanaki shi ne mai shiru. Ba zafi, ba ja, ba ɗumi. Yana nan dai, yau kamar wake, wata mai zuwa kamar gurjiya, bayan nan kamar goro. A taɓa shi a ji tauri kamar roba ko kamar dutse. Irin wannan ne ake cewa "ai ba ya damunsa, a bar shi," har a share wata shida. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Zafin ma ba tabbaci ba ne ɗari bisa ɗari, shi ya sa ake haɗa shi da girma, daɗewa, da yanayin jikin yaron gaba ɗaya.

Yaya zan duba shi a gida?

Ki sa yaron ya zauna ya saki kafaɗa, ya ɗan ɗaga hannu kaɗan ya ɗora a kan naki. Idan ya miƙe hannu sama sosai naman wurin yana ɗaurewa, ba za ki ji komai da kyau ba. Da cikin yatsu uku za ki laluba a hankali, ki ji ko abin yana gudu ƙarƙashin yatsa ko ya kafe wuri ɗaya, ko guda ne ko da yawa, ko sun manne da juna. Ki taɓa ɗaya hammatar don kwatantawa. Daga nan ki bi hannun tun daga farce har kafaɗa kina neman miki, ƙuraje ko yakushi, domin sau da yawa amsar tana can. Ki laluba wuya, da matsematsi, da ramin nan da ke saman ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa.

Ki auna faɗinsa ki rubuta tare da kwanan wata. Wanda bai kai santimita 1 ba, mai laushi, mai motsi, ba kasafai yake zama matsala ba. Wanda ya wuce santimita 2, wato kusan faɗin babban yatsan babba, likita ya kamata ya gan shi. Kada kuma a mayar da taɓawa sana'a. Kaluluwar da ake latsawa safe da yamma ba ta samun sararin sacewa. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su?

Akwai na ranar nan take. Idan zazzaɓi ya yi zafi, jan wurin yana faɗaɗa, ko an ga wani jan layi yana hawa daga hannu zuwa hammata, ƙwayar cutar tana bazuwa ne, a tafi asibiti a ranar. Haka idan numfashi yana yi wa yaron wuya, ko ba ya iya kwanciya rigingine sai ya ji kamar an danne masa ƙirji, ko fuskarsa da wuyansa sun kumbura. Haka kuma idan ya ɗashe, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, dasashi na jini, haɓo ya yawaita, ko ƙasusuwa na ciwo.

Akwai kuma na cikin makon, waɗanda ba a kwasa da gudu amma ba a ɗaga su zuwa bayan salla ko bayan jarrabawa. Ƙullutu mai tauri da ya kafe, ko mai ƙara girma mako bayan mako. Kaluluwa a wurare da yawa lokaci guda. Kowane irin ƙullutu a ramin saman ƙashin wuya, komai ƙanƙantarsa. Rama ba dalili, kamar yaro mai kilo 50 ya koma 45 cikin wata 6 alhali ba azumi ko yunwa. Gumin dare mai jiƙa riga da zanin gado, ba irin na bazara da kowa ke yi idan an ɗauke wuta ba, irin wanda ko cikin hunturu sai yaro ya tashi ya canza riga. Ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje. Da zazzaɓin da ya ƙi tafiya.

Wannan na ƙarshe yana son ƙarin bayani, saboda a wajenmu duk zazzaɓi maleriya ne, idan ya ƙi ji ya zama taifot. Maleriya ba ta saba kumbura kaluluwa ba. Yaron da ya sha maganin maleriya sau biyu, ya sha na taifot, zazzaɓi na dawowa, ga kuma ƙullutu a hammata ko wuya, ba zagaye na uku na magani yake buƙata ba, bincike yake buƙata.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kwana nawa za mu jira?

Mako biyu. Kaluluwar da miki ko ƙuraje suka tayar takan fara sacewa cikin wannan lokaci idan an kula da mikin. Idan mako biyu ya cika tana nan yadda take ko ta ƙaru, a je a nuna. Idan ta kai mako 4 zuwa 6 ba ta ragu ba, ko da an taɓa zuwa an ce ba komai, a koma a faɗa wa likita cewa har yanzu tana nan.

Ni budurwa ce, tun da na fara aske hammata nake samun ƙuraje da ƙullutu. Reza ce ko turaren hammata?

Ƙanwata, reza ta fi zama abin zargi. Cire gashin hammata tsafta ce da addini ya koyar, har an ce kada a bar shi ya wuce kwana 40, don haka ba cewa za a yi ki daina ba. Yadda ake yi ne ke jawo matsala: reza mai dakushi, aski a busasshiyar fata, komawa wuri ɗaya sau da yawa, ko karɓar rezar yaya ko ta ƙawa a ɗakin kwanan makaranta. Kowane ɗan yanka ƙofa ce ga ƙwayar cuta, gashin da aka yanke ƙasa sosai kuma yakan lanƙwashe ya koma cikin fata. Ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu, ki yi amfani da sabuwar reza taki ke kaɗai, ki bi yadda gashin ya kwanta. Idan akwai ƙurji, a ajiye reza sai ya warke. Almakashi ma yana rage gashi ba tare da ya taɓa fata ba.

Turaren hammata da alimun suna iya sa fata ta yi ƙaiƙayi ko ta yi ja, musamman idan an shafa da gama aski. Maganar da ke yawo cewa turaren hammata yana kawo sankarar nono kuwa, bincike bai tabbatar da ita ba. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya raunana garkuwarta, sai ƙuraje da maruru su samu wurin zama.

Maruru ne, amma ya warke ya dawo, ya warke ya dawo, har wurin ya yi tabo. Rashin tsafta ne?

A'a, kuma ina roƙon iyaye su daina goranta wa yara da wannan. Akwai ciwon fata da ke farawa bayan balaga, likitoci na kiransa hidradenaitis. Ramukan gashi ne ke toshewa a hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono ko mazaunai, su yi ƙulle-ƙulle masu zafi, su fashe, su riƙa tsiyayar ruwa mai wari, a hankali su haƙa hanyoyi ƙarƙashin fata su bar tabo mai kauri. Ya fi kama mata, yana bin dangi a wasu gidaje, ƙiba da shan taba suna ƙara masa ƙarfi. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Yarinya mai wannan ciwo takan yi wanka fiye da kowa a gidan, tana ɓoye hannu, tana gudun shiga cikin ƙawaye. Likitan fata yana da hanyoyin lafar da shi, kuma gara a fara kafin tabo ya yi yawa.

Duk wanda maruru ke yawan dawo masa, yana da kyau a auna masa sukari a jini.

'Yata tana samun kumburi a hammata duk lokacin da al'adarta ta kusa. Sankarar nono ce?

Sankarar nono a yarinya 'yar ƙasa da shekara 20 abu ne mai matuƙar wuyar samu. Abin da kika kwatanta ya fi kama da naman nono da ke hammata. Nono yana da wani reshe da ya miƙa zuwa can, wasu matan kuma an halicce su da ƙarin naman nono a wurin, a gefe ɗaya ko duka biyun. Ba a lura da shi sai an fara ƙirgar dangi. Tunda nama ɗaya ne da nono, abin da nono ke yi shi ma yake yi: ya cika ya yi nauyi kafin al'ada, ya saki bayanta, nan gaba kuma idan ta yi aure ta samu ciki zai ƙara girma. Ba cuta ba ce. A nuna wa likita sau ɗaya ya tabbatar, a kuma duba nonon kansa. Ko da an ji ƙullutu mai santsi mai gudu a cikin nonon, mafi yawansu a wannan shekaru ba daji ba ne, amma likita ne zai faɗi haka.

An ce mage tana iya jawo shi. Da gaske ne?

Da gaske ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bartonella da kyanwa ke ɗauka, musamman 'yan ƙanana masu ƙuma a jiki. Ta yakushi yaro a hannu, wurin ya yi ɗan ƙurji ya warke, kowa ya manta. Bayan mako 1 zuwa 3 sai kaluluwa ta taso a hammatar wannan hannun, wani lokaci babba, da ɗan zazzaɓi da kasala. Takan ɗauki wata 2 zuwa 4 kafin ta baje, yawanci da kanta. Idan akwai mage a gida, a faɗa wa likita ko bai tambaya ba.

Ta yi allurar rigakafi a makaranta, bayan kwana kaɗan hammata ta kumbura. Allurar ce ta yi mata illa?

Kaluluwa a gefen da aka yi allura alama ce ta jiki ya karɓi saƙon yana haɗa garkuwa. An ga haka sosai lokacin rigakafin korona, kuma yana iya faruwa da wasu alluran, har da ta HPV mai kare sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Yana sacewa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Idan a ɗaya gefen ne, ko ya ƙi raguwa, kada a ɗora wa allura laifi a zauna, a je a duba.

Likita ya ambaci tarin fuka, alhali yaron ko tari ba ya yi. Ta yaya?

Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake zama ba. Bayan huhu, kaluluwa tana cikin wuraren da ya fi kamawa. Ya fi son ta wuya, amma yana zuwa hammata. Yakan fara ba zafi, ƙulle-ƙullen su manne da juna, daga baya su yi laushi su fashe, su riƙa zubar da ruwa wata da watanni ba sa rufewa. Wani yaron yana ramewa yana zazzaɓin yamma, wani kuwa garau yake. Najeriya tana cikin ƙasashen da wannan ciwo ya fi yawa a duniya, don haka likitan da ya kawo shi cikin lissafi ya yi daidai. A tuna ko akwai mai tsohon tari a gida ko a ɗakin kwanan makaranta, ko ana shan madarar shanu da ba a tafasa ba.

Ana warkewa sarai. Magani na wata 6 ne, kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Sharaɗinsa a shanye shi har ƙarshe, ko da ƙullutun ya ɓace tun a wata na biyu.

To idan dajin ne, wane iri ne, kuma ana warkewa?

Wanda ya fi zuwa da kaluluwa a matasa shi ne limfoma, wato dajin kaluluwar kanta. Akwai nau'in da ake kira Hojkin, sunan likitan Landan da ya fara bayyana shi a 1832. Yana cikin cututtukan daji da suka fi kama matasa da masu shekara ashirin da wani abu. Ya fi farawa a wuya ko cikin ƙirji, wani lokaci a hammata, kuma shi ne mai zuwa da kaluluwa mai taurin roba, gumin dare, rama da ƙaiƙayi. Akwai nau'in Bakit, wanda wani likita ya bayyana a Yuganda a 1958. Ya fi yawa a ƙasashen da maleriya ta yi katutu irin namu, ya fi kama yara ƙanana a muƙamuƙi ko ciki, kuma girmansa na gaggawa ne, cikin kwanaki ake ganin bambanci. Sai sankarar jini, mai zuwa da ɗashewa, zubar jini da ciwon ƙashi.

Ana warkewa. A ƙasashen da ake samun cikakken magani a kan lokaci, fiye da 9 cikin 10 na matasa masu Hojkin suna tsira. Abin da ke cin yaranmu shi ne isowa a makare, da yanke magani a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare ko don an ga sauƙi. Shi ya sa nake nanata maganar ƙullutu mai shiru.

Ba sai mu fara zuwa kemis a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta mu gani ba?

Ga ƙaramin maruru, abin da ya fi amfani shi ne gasa wurin da tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi, minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a yini, da farasitamol don zafi. Da yawa suna nuna su fashe da kansu. Kada a matse. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da wurinsa, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa ya faɗi kwanakin sha. Kafso biyu yau, biyu gobe, a daina, wannan koya wa ƙwayar cuta taurin kai ne kawai.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, kuma mutane kaɗan ne suka san shi. Magunguna irin su deksametason da firednisolon, waɗanda ake cusawa cikin haɗin da wasu masu kemis ke ƙullawa, kuma suke cikin abin da 'yan mata ke sha don ƙiba, wato sha-ka-fashe, suna narkar da kaluluwar limfoma da ta sankarar jini na ɗan lokaci. Gida ya yi murna an samu sauƙi, ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bayan makonni ciwon ya dawo, kuma idan aka ɗebi nama don gwaji sakamakon yana iya rikicewa. Suna kuma rura wutar tarin fuka. Duk matashin da ke da ƙullutun da ba a san asalinsa ba, kada ya sha su. Idan ya riga ya sha, a faɗa wa likita gaskiya, a tafi da kwalin ko ƙullin.

Kakarsa ta ce a kai shi wajen wanzami a yi masa sakiya.

A ba Hajiya haƙuri, a yi mata bayani cikin ladabi. Ta hammata babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa hannu da yatsu suke wucewa, kusa da inda kaluluwa take. Ƙarfe mai zafi ko aska a wannan wuri, garin neman gira a rasa ido ne. Idan kuma abin ba mugunya ba ce, tarin fuka ne ko daji, sakiya za ta bar miki da ba ya rufewa. Idan da mugunya da ke son fita, a asibiti ana kashe zafin wurin a tsaga da kayan da aka dafa, cikin 'yan mintoci. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ake gudu shi ne shafe-shafen da ke ƙona fata, da watannin da ke tafiya ana gwada wannan ana gwada wancan.

An ce za a ɗebi nama a gwada. Mu kuma mun ji cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu.

Na san wannan magana ta zauna a zukatan mutane, kuma na san inda ta samo asali: ana kai mara lafiya bayan ciwo ya gama cin jiki, a yi gwaji, ya rasu ba da jimawa ba, sai a ce allura ce. Ciwon ne ya riga ya yi nisa. Ɗibar nama ba ta watsa limfoma. Ita ce kaɗai hanyar da za a bambance tarin fuka da daji da kaluluwar yau da kullum, domin a hannu da ido suna iya kama da juna, maganinsu kuwa ko kusa bai haɗu ba. Wani lokaci da siririyar allura ake zuƙo ɗan abu, wani lokaci a ciro kaluluwa guda ɗungurungum, wanda ya fi ba da amsa idan ana zargin limfoma. Cire guda ɗaya ba ya rage wa jiki komai, sauran suna nan suna aiki.

Me za a yi mana a asibiti, kuma ina za mu fara?

A fara da asibitin da ke kusa. Likita zai yi tambayoyi, ya taɓa hammata, wuya, matsematsi da ciki. Da yawa daga nan ake sallamarsu da magani ko a ce su dawo bayan mako biyu. Idan da buƙata, za a auna jini, a yi hoton ƙirji, a yi sikanin wurin, a yi gwajin tarin fuka. Za a iya neman gwajin ƙanjamau, kuma kada ran kowa ya ɓaci. Ba zargin tarbiyyar yaro ba ne. Ciwon yana kumbura kaluluwa a wurare da yawa, kuma akwai waɗanda aka haifa da shi ba a gane ba sai sun girma.

Idan abin ya kai ga gwajin nama, akan tura mutum manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram. A tafi da takardar da aka rubuta girman ƙullutun da ranar da aka fara ganinsa, da duk maganin da aka sha, na bature da na gargajiya. Idan an ɗebi nama, a tambayi ranar fitowar sakamako, a kuma koma a karɓa. Akwai sakamakon da ke kwana a ɗakin gwaji wata da watanni ba wanda ya zo nema.

Yarinyar ta ƙi yarda kowa ya gani, ko ni mahaifinta ba ta faɗa mini ba, a bakin ƙanwarta na ji.

Ba raini ba ne, Malam, kunya ce, kuma hammata kusa take da inda budurwa ba ta son a yi maganarsa. Kada ka tsare ta da tambaya a gaban 'yan'uwanta. Ka sa mahaifiyarta, ko yayarta, ko gwaggon da ta fi sakewa da ita ta duba cikin sirri. A asibiti kuna da damar neman likita mace, ko a ce wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin lokacin dubawa. Naka shi ne ka ba da izini da kuɗin mota ba tare da ɓata lokaci ba. Samari ma suna ɓoyewa, wataƙila ma fiye da 'yan mata, don kada a ce sun cika raki.

Ya ragu sosai, amma har yanzu ina jin ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar wake. Sai ya ɓace gaba ɗaya?

Ba dole ba ne. Kaluluwar da ta taɓa kumbura sosai takan bar ɗan saura, musamman a siririn yaro da ba shi da kitsen da zai rufe ta. Idan ƙarama ce, tana gudu ƙarƙashin yatsa, ba ta ƙaruwa, yaron kuma yana ci yana wasa nauyinsa bai ragu ba, a ƙyale ta. A riƙa dubawa sau ɗaya a wata na 'yan watanni. Idan ta sake tasowa ba tare da wani sabon miki a hannu ba, ko wata ta fito a wuya, a koma wa likitan da ya fara gani, da takardar awon farko a hannu.